Askin reza da ƙurajen wuya: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. Aikin kaki nake yi, dole kullum fuska ta kwana fes. Reza mai baki uku nake sawa, amma wuyana ya cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, wasu har da ruwa. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Wanzami daga Daura: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka zargi reza, ruwa fa? Mu da muka gaji aska ba ma ɗora ta a busasshen kai. Sai mun jiƙa da ruwan ɗumi, mu murza sabulu da tafin hannu har gashi ya saki. Yaran yanzu suna cewa ɓata lokaci ne, su shafa kumfa su hau kankara nan take. Sannan aska a ɗan kwance ake riƙe ta, hannun hagu yana jan fata ta miƙe.

Malamin kimiyya, Sabuwar Unguwa: Baba ya yi gaskiya kan jiƙawa. Gashi da farce sinadari ɗaya ne, keratin, kuma yana shan ruwa. Minti 2 zuwa 3 a jiƙe sun isa ya kumbura ya yi laushi, ƙarfin da reza ke buƙata ta yanke shi ya ragu sosai. In bai jiƙu ba, reza fizgar shi take yi daga tushe, kai kuma sai ka ƙara danna hannu. Dannawar nan ce ke kankare saman fata, wato matattun ƙwayoyin da ke riƙe danshi, shi ya sa ake jin raɗaɗi bayan aski. Ni da hunturu ya fi damuna, domin fatar ta riga ta bushe. Man kaɗanya nake shafawa bayan na ɗauraye da ruwan sanyi.

Ma'aikacin jinya, Katsina: Baba, a gafarce ni, jan fatar nan a kai ba laifi, amma a wuyan wannan bawan Allah shi ne matsalar. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In ka ja fata ka aske, da ka saki sai guntun gashin ya koma ƙasa da bakin ramin da yake fitowa. Reza mai baki da yawa ma haka take yi da gangan: bakin farko ya ɗago gashi, na biyu ya yanke kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne kawai. Namu kuwa yana tsirowa da tsini, ya lanƙwasa ya soki fata kamar ƙaya, jiki ya ɗauke shi baƙo ya yi ƙurji. Na yi fama da shi a haɓa. Da na koma reza mai baki ɗaya, ina bin inda gashi ya kwanta, ban sake bi ta wuri ɗaya sau biyu, sai suka lafa. A wuya gashi ba gefe ɗaya yake kwanciya ba, ka shafa da yatsa ka gane tukuna.

Wanzami daga Daura: To, likita, na karɓa. Wuya dama ba ma matsa masa.

Ɗalibi a Batagarawa: Ni dai na ga reza ba ta daɗewa ta dakushe, alhali gashi kawai take yanka.

Malamin kimiyya: An bincika wannan a jami'ar MIT ta Amurka a 2020. Gashi ya fi ƙarfen reza laushi kusan sau 50, amma in ya lanƙwasa yayin yanka yana ɓantare bakinta kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. Bakin da ya ɓantare shi ke karce fata. Da ka ji tana ja, jefar da ita.

Ma'aikacin jinya: Kuma kowa da tasa. Ciwon hanta nau'in B yana bin jinin da ya maƙale a reza, goge ta da auduga ba ya isa. Kai kuma ɗan'uwa, tunda wasu sun yi ruwa, ka je asibiti a duba kafin su bar tabo, ka nemi takardar da za ta ba ka damar amfani da kilifa na 'yan makonni.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai. Gobe zan je. Baba, sabulun salo zai yi wajen jiƙawar, ko yana busar da fata?

Wanzami daga Daura: Zai yi, amma kar ka bar shi ya bushe a fuska. In kumfar ta fara ƙafewa, ƙara ruwa.