Don Allah a taimaka: Google ta cire shafukana bisa ƙarar ƙarya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shafin girke-girke da nake rubutawa daga nan Kaduna, gumina ne, hotunan ma a kicin ɗina na ɗauka. Wani ya kwafe rubutuna kaf, ya sa tsohon kwanan wata, sannan ya kai ƙarata wurin Google ƙarƙashin dokar kare haƙƙin mallakar rubutu ta Amurka (DMCA) cewa ni na sata. Yanzu shafuka 7 sun ɓace daga sakamakon bincike, masu ziyara sun ragu sosai, kuɗin talla ya tsaya.

Na cike fom ɗin musanta ƙara, yau mako 3 shiru. Me zan haɗa ya tabbatar ni na fara wallafawa? Wayback Machine, wato shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet da kwanan watansu, ya isa hujja? Abin ya hana ni barci wallahi.