Kwas na wata uku a Habasha: me zan fara koya?

Ummi Zariya: Assalamu alaikum. Wurin aiki sun tura ni kwas Addis Ababa, tafiya ƙarshen Agusta. Waɗanda suka taɓa zama can, me ya kamata in sani na yarensu da al'adunsu? Ba na son yin abin kunya.

Anti Rabi: Wa'alaikumus salam. Rigar sanyi tukuna, ƙanwata. Garin a kan tudu yake, ya haura mita 2,300, ga damina har Satumba.

Kawu Na Fagge: Ummi, kafin yare ki koyi agogonsu. Su daga wayewar gari suke fara ƙirga. Bakwai na safe a wurinmu shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, sha biyun rana kuma ƙarfe shida. Na taɓa yankar tikitin mota zuwa Harar, aka rubuta mini 11:00, ba wanda ya ce mini uffan. Na karya a natse, na ja jakata na isa tasha da hantsi. Ashe biyar na asuba ake nufi, mota ta yi awa shida a hanya. Yaron da ke kan teburin ya ɗaga kafaɗa kawai, kuɗina bai dawo ba, sai da na ƙara kwana a masauki. Har yau abin na ci mini rai, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Duk wanda ya ba ki lokaci, ko direba ko abokin karatu, tambaye shi: na Habasha ko na Turawa? Kwanan wata ma haka. Watanninsu 13 ne, 12 masu kwana 30, sai ɗan ƙarami mai kwana 5 ko 6. Shekararsu tana bayan tamu da 7 ko 8, sabuwa kuma tana kamawa 11 ga Satumba, wani lokaci 12. Kina can za a yi bikin.

Ɗan Maraɗi: Masu Swahili ma haka suke ƙirga lokaci.

Anti Rabi: "Selam" gaisuwa, "ishi" to, "ameseginalehu" na gode. Ta ƙarshen za ta wahalar da harshe, amma suna murna sosai idan baƙo ya faɗe ta.

Malam Ƙarami: Wannan Amharic ne. Oromo ma suna da yawan gaske, godiyarsu "galatoomi". Batun nama kuma, mahautan Musulmi daban, na Kirista daban. Duba ƙofar shago, za ki ga jinjirin wata ko gicciye. Laraba da Juma'a Kiristocin Orthodox ba sa cin nama, a ranakun ki nemi injera da shiro, wato gurasarsu da miyar garin wake, babu abin shakka a ciki.

Ummi Zariya: Na gode Malam. Wai da gaske ɗanyen nama suke ci?

Kawu Na Fagge: Kitfo. Ce a soya miki. Bazazzagiya dai ba ta san nama ba balle ɗanye.

Ummi Zariya: Kawu, Bakano da rowa ne zai koya mini cin nama?

Maman Iman: Ku bar wasa. Idan an gayyace ki shan buna, wato gahawa, kada ki tashi bayan kofin farko. Zagaye uku ne, a gabanki za a soya 'ya'yan, a daka, ga turaren wuta yana tashi. Na ukun suna kiransa baraka. Kuma idan uwar gida ta naɗo loma ta nufo bakinki, karɓa. Girmamawa ce.

Ɗan Maraɗi: A baki? Ni kam ba zan iya ba.

Maman Iman: Za ka iya, idan tsohuwa ce ta miƙo.

Malam Ƙarami: Juma'a ki je masallacin Anwar a kasuwar Merkato. Ƙasar Najjashi ce fa, inda sahabbai suka yi hijirar farko.

Ɗan Maraɗi: Kawu, da ka isa Harar ka ga masu ba kuraye nama da dare?

Kawu Na Fagge: Na gani, a bayan ganuwa, a kan ɗan tsinke suke miƙa musu.

Anti Rabi: Ai gardawanmu sun fi su.

Kawu Na Fagge: Ina! Tamu da takunkumi da sarƙa, tasu sake take, daga daji take zuwa.