Buhunan niyebe (wake) suna zamewa a bayan kamiyo

Ɗan Birni: Salam 'yan uwa, jiya na loda niyebe daga Damagaram zuwa Matamai, tun kafin Kance kayan sun karkata gefe guda, igiya kuwa sabuwa ce wallahi, ina matsalar take?

Tsohon direba: Ƙanena ba laifin igiya ba ne, jerin ne. A sarƙa buhunan kamar ginin bulo, a manne su da allon gaba kar a bar rami tsakani, in ka taka birki can za su nufa.

Karen mota: Gaskiya ne baba, kuma buhu yana kwantawa in mota ta girgiza, igiya ta saki, mu dai muna fita gari kaɗan muke tsayawa mu ƙara ɗaurewa.

Ɗan Birni: Kai, ban tsaya ba sam.