Kafaɗuna sun kusa cirewa wajen ɗauko nama: jakar ce ko ni ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, fitarmu farauta ta gaba ta matso. Jakar goyon da nake amfani da ita ta yayan matata ce. Shi ya daina fita tun da gwiwa ta matsa masa, ya kira ni har gida ya damƙa min, ya ce ba ya son ta faɗa hannun wanda bai san darajarta ba. Ƙaninsa ma ya sa rai da ita, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce saboda wannan jaka. Kun ga ke nan ba abin da zan jingine in sayi wata ba ne, labari zai je masa.

To a fitarmu ta ƙarshe Allah ya ba mu sa'a, muka feɗe, muka raba, na loda kasona. Ban yi nisa ba kafaɗuna suka ɗauki wuta, jakar tana fizga ta baya, ina tafe a duƙe. Kafin mu isa inda muka bar mota hannuna na hagu ya sage, yatsu biyu ban ji su ba sai washegari. Abokin tafiyata ya girme ni, amma ya riga ni isa har ya huta. Jakar ce, ko ni ne ba ni da ƙarfi?

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu tarihin surukai kaf, amma ba ka ce kilo nawa ka ɗauka ba, ba ka ce jakar tana da firam, wato sandunan da ke tokare bayanta, ko babu ba. Duk da haka na san ciwon. Nauyi a ƙugu yake zama, kafaɗa aikinta ta riƙe jakar kada ta rabu da baya. Sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuyanka, za ka ji wani ƙashi da ya fi sauran fitowa. A auna daga nan zuwa daidai saman ƙasusuwan ƙugunka. Wannan tsawon shi ake daidaita jaka da shi, ba tsayin mutum ba. Idan jakar ta gaza maka, ɗamarar ƙugunta tana hawa ciki, kaya duk su koma kafaɗa. Idan ta yi maka tsawo, za ka ga rata tsakanin madauri da kafaɗarka. Sannan ɗauri yana da tsari: ɗamarar ƙugu tukuna, tsakiyarta a kan ƙashin, sai madaurin kafaɗa, sai 'yan igiyoyin nan biyu na saman kafaɗa masu jawo kan jakar zuwa jiki, sai na ƙirji a ƙarshe.

Mai tambaya: Baba na gode. Tana da firam. Naman zai kai kilo 35, ni kuma ina 68. Amma ɗamarar ba na ɗaure ta sosai, tana hana ni numfashi a hawa. Mai ita ma a sake yake barin ta, kuma shekara da shekaru bai taɓa kuka ba.

Tsohon Maharbi: Tana hana ka numfashi ne don a kan tumbi take, ba a kan ƙashi ba. Abin da na faɗa ke nan. Mai ita kuma kai da bakinka ka ce gwiwa ta zaunar da shi.

Mai Sanda Biyu: Baba a gafarce ni, ba komai ne jaka ba. Kilo 35 a kan mai 68 ya haura rabin jikinsa. Masu yawon tsauni kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin jiki suke ɗauka a matsayin iyaka. Mu mun saba wucewa, amma da horo. Malam, fara da kilo 10, ka riƙa hawa tudu ko matakala, kana ƙara kaɗan duk mako. Yi da galan na ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce, in ka kai sama ka zubar ka sauko da sauƙi, don gangara ita ke cin gwiwa. Ka nemi sanduna biyu na dogarawa.

Tsohon Maharbi: Ranar nama wa zai zubar masa? Da yashi zai yi, ya sauko da shi, cinyoyi su koyi birki. Kuma ko shekara ya yi yana horo, jakar da ba ta zauna ba sai ta sage masa hannu.

Wanda Aka Bari A Baya: Ni abin da ya tsaya min shi ne abokin nan da ya wuce ya bar ka. Haka aka yi min. Wajen rabo kowa yana nan, wajen ɗauka ɗaya ya ce bayansa, ɗaya ya ce zai je ya matso da mota. Ni na ɗauko cinyoyi biyu da ƙashinsu, na iso na tarar suna hira. Da na yi magana aka ce na cika mita. Tun ranar ban sake fita da su ba, ko kiran waya babu wanda ya yi.

Mai tambaya: A'a, nawa mutumin kirki ne, ni na ce ya wuce.

Ɗan Auta: Yaya, ya ka loda naman? Idan a gindin jaka ya taru, shi ke fizgar ka baya. A manne shi da gadon baya, wajen tsakanin allunan kafaɗa, kaya marasa nauyi a ƙasa su tokare shi, a ɗaure tamau kada ya zame. Ka cire ƙashi, nauyi zai ragu sosai. Kuma kada ka sa shi da ɗuminsa a leda, buhun yadi za ka sa ya sha iska.

Tsohon Maharbi: Maganar leda gaskiya ce. Amma naman da ba ƙashi yana zubewa ya zama curi guda a ƙasan jaka, tsakiyarsa ba ya hucewa da wuri. Cinya da ƙashinta ta fi ɗauruwa. Ni da ƙashi nake ɗauka, in yi sawu biyu.

Ma'aikaciyar Jinya: Kowa ya tsallake maganar yatsun. Jijiyoyin da ke zuwa hannu ta tsakanin wuya da kafaɗa suke bi, madauri ya danne su. Har washegari ba ƙaramin abu ba ne, Malam. Idan ya sake faruwa, ko ka ji hannun ba ƙarfi, ka sauke kayan nan take, ka je a duba ka.

Mai tambaya: Na gode Anti, amma ya warware da kansa. Sawu biyu kuma ba zai yiwu ba, wurin da nisa, dare zai yi mana. Horon ma ƙasa da wata ya rage, ga aiki. Ina tunanin in naɗa soso a madaurin kafaɗar, wa ya taɓa gwadawa?

Tsohon Maharbi: Ka auna bayan naka?

Mai tambaya: Ban samu wanda zai riƙe min tef ba tukuna. Sosan katifa zai yi, ko sai mai tauri?