Na kwashe hotuna daga folda, kwamfuta ta ce suna nan

MaiHotoTerminus:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon hoto a Terminus, nan Jos. Kwamfuta biyu gare ni, ɗaya a ciki inda nake gyaran hoto, ɗaya a kanta inda yarona ke nuna wa kwastoma aikinsu. Duk Windows 10 ne, waya ta haɗa su ta rauta, folda ɗaya muke amfani da ita.

Jiya na gama hotunan wani biki da aka yi a Unguwar Rogo, guda 312, na yanke su daga "Sababbi" na zuba a "An gama". A wajena lafiya lau. Can bayan la'asar sai ga yayan amarya, ana tsuga ruwa, ya sauko daga keke ya jiƙe sharkaf. Tagogin foldojin biyu tun safe suke buɗe a kwamfutar yaron. Yaro ya leƙa "An gama", wayam. Ya leƙa "Sababbi", ga hotuna reras, amarya na murmushi, amma duk wanda ya danna sai kwamfuta ta ce babu shi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na riga na goge katin kyamara na je wani suna da shi. Da muka rufe tagogin muka sake buɗewa, komai ya koma daidai. Kuma ba yau farau ba. Bairos ne, ko had dis ɗin ne ya fara bankwana?

Baban Safiyya:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, ba ko ɗaya. File Explorer, wato manhajar Windows da ke nuna maka foldoji, ba ya zama yana ƙirga fayil kowane lokaci. Sau ɗaya yake karanta abin da ke cikin folda, lokacin da ka buɗe ta, daga nan sai ya jira a aiko masa da saƙo cewa wani abu ya canza. In a kan kwamfutarsa ne, saƙon nan take yake zuwa. In ta waya zai biyo daga wata kwamfutar, yakan ɓace a hanya, musamman in ta kantar ta yi barci ko rauta ta ɗauke ta dawo. Shi ke nan, sai ya yi ta nuna maka labarin safe.

Ka koya wa yaron danna F5, maɓallin da ke sa a sake karanta foldar. Ko ya danna, ya ɗan saurara, don Windows kan riƙe jerin foldar netwok na daƙiƙa 10 kafin ta sake tambaya. Ƙananan hotunan da kuka gani kuwa, ita kwamfutar kanta ce ta ajiye abinta a wata ma'ajiya da ake kira thumbcache. Ganin fuskar amarya ba shaida ba ce cewa fayil ɗin na nan.

Hajiya Bauchi Road:
Malam mai hoto, ni ba F5 ce ta dame ni ba, katin da ka goge ne. Haba! Aikin da ba ka miƙa ba? Ina buga wa ɗaliban jami'a furojet, na daina yanke fayil tun ranar da aka ɗauke wuta ina tsakar tura aikin wata yarinya cikin filashi. Rabi can, rabi nan, tana tsaye a kaina tana hawaye, washegari za ta kai wa malaminta. Yanzu kwafa nake yi, in danna Properties a duka biyun, sai adadi ya zo ɗaya sannan in goge na farkon.

Ɗan Tudun Wada:
Mu ma a Ubuntu, wani tsarin kwamfuta da ba Windows ba, haka ne. Abin da ke kai rahoton, inotify, canjin da kwamfutar ta yi da kanta kawai yake gani. Wani ya taɓa foldar daga can, sai ka danna F5.

MaiHotoTerminus:
Na gode Baban Safiyya, Allah ya ƙara sani. Na gwada yau da hotunan fasfo, F5 ta yi aiki. Sau ɗaya ne ta ƙi, sai da na shiga Task Manager, inda ake ganin manhajojin da ke aiki, na sake tayar da Windows Explorer, wato File Explorer ɗin. Na kuma hana ta kantar yin barci. Hajiya, na ji faɗa, na karɓa. Na aiki yaron ya sayo kati na biyu, har yanzu bai dawo da canjina ba.