Aikin tsinkar inabi a Bordo: in karɓa ko in haƙura?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake a Bordo, a Faransa, kuɗin haya ya taru mini. Akwai wani dattijo kusa da Sent-Emiliyon, shi da 'ya'yansa biyu suke yin jan giya a gonar da ya gada. Ya ce in zo aikin sati uku a Satumba. Ba ya sa inji, da hannu ake tsinka, a fara da irin inabin da ake kira Merlot, irin Cabernet sai daga baya. Ya ba ni zaɓi: almakashi a gona, ko tebur inda ake tsince ruɓaɓɓun 'ya'ya kafin a zuba a tanki. Wanda ya taɓa yi, wanne ya fi?

Maman Hafsa: Ƙanena, hadisin la'anar giya mutum goma ya ambata, har da mai matsawa da mai ɗauka. Nemi malami kafin ka nemi almakashi.

Baban Ummi: Ni na yi a 2023, ta hannun wani ɗan kwangila. Shekarar da fumfuna ta cinye Merlot ke nan. Ka ɗaga ganye ka tarar da nonon inabi ya bushe ya yi baƙi, sai ka tsinke shi tsaf kafin ya shiga kwando. Ɗan kwangilar kuwa da kwando yake lissafi, ba da awa ba. Mu tara a ɗaki ɗaya, famfo ɗaya. Daga asuba kana duƙe, dare ya yi ko ruku'u ba ka iyawa. Ranar biya ya cire na mota, ya cire na kwana, ya miƙo mini yuro 400. Har yau in na ga inabi a kasuwa sai raina ya ɓaci.

Sani Tuluz: An cuce ka ne. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 11.88 ne a awa.

Baban Ummi: A takarda ba. Wa ya taɓa riƙe 11 a hannu?

Ɗan Agadas: Ni 13 na samu, amma kwandon goyo na ɗauka. Kuma 2022 ce, zafi da fari, 'ya'yan ƙanana amma lafiyayyu, mai gonar sai murna yake. Abu ɗaya: kada ka leƙa cikin tanki lokacin da yake tsima. Iskar da ke fita ba ta da wari, kuma tana kisa.

Maman Hafsa: Ana maganar halal kuna lissafin yuro.

Sani Tuluz: Hajiya, da girmanki, ba ki taɓa biyan haya a nan ba. A bar waɗanda suka yi su faɗa.

Maman Hafsa: Sai na sha guba zan ce tana kisa?

Na Kantin Kwari: Mutumin da ko kunun zaki ya kwana ba ya sha, shi ne zai tsaya kan tanki? Hhhh.

Ɗan Damagaram: Don Allah, gona ko tebur?

Baban Ummi: Hayar ce ma ke jefa mu a wannan. Wata uku ina neman ɗaki, kowa sai ya ce in kawo mai tsaya mini. Da sun ji sunana a waya, sai a ce an riga an bayar.

Ɗan Agadas: Ni kuɗin ajiyata ne mai gida ya riƙe tun bara. Wa ya san yadda ake karɓowa?