A biya malami gwargwadon sakamakon ɗalibansa, adalci ne?

Malamin_Lissafi:
Salamu alaikum jama'a. Tsarin da aka saba da shi dai albashin malami na bin takardar shaidarsa da shekarun da ya yi yana aiki, shi kenan. To sai ka ga malamin da ke kwana yana makin littattafan yara da wanda zai shiga aji ya cika allo da rubutu ya fice ya bar su da monita, ƙarshen wata kuɗinsu ɗaya, wani lokacin ma na ragon ya fi don kawai ya riga shi kama aiki. Me zai hana a duba jarrabawa, wanda yaransa suka ci a ƙara masa?

Tsohon_Hedimasta:
Wa alaikumus salam Malam. Abin nan da kake nema fa an gwada shi tun ba a haifi kakanninmu ba. A 1862 Ingila ta ɗaura kuɗin da take ba makarantu a kan zuwan yara da cin jarrabawar karatu, rubutu da lissafi a gaban sufeto, wani Robert Lowe ne ya kawo tsarin. Sai malamai suka koma sa yara haddar abin da za a tambaya kawai, sauran ilimi ko oho, kafin ƙarnin ya ƙare an watsar da shi. Na kusa kuma a birnin Atlanta na Amurka, a 2015 kotu ta kama malamai da jami'ai 11 da laifi, zama ake yi a goge amsar yara a rubuta ta daidai saboda matsin lamba kan maki. Ka haɗa abincin iyalin mutum da makin yaro ka ga ikon Allah.

Malama_Firamare:
Baba Hedimasta ya faɗi gaskiya. Ni tambayata, yaran wa? Wani an ba shi ajin zaɓaɓɓu masu lesin a gida, wata an ba ta ajin da rabinsu ba su iya haɗa baƙi ba wasu ma da yunwa suke zuwa, in ta kai su ga karanta jimla ɗaya wallahi ta fi shi aiki amma a takarda shi ne gwani. Gobe wa zai yarda ya karɓi ajin masu rauni? Masu koyar da nakasassu da 'yan nazire fa, da wace jarrabawa za a auna su? In kuma aka ce shugaban makaranta ne zai ba da maki to 'yan gaban goshi sun samu. Shi tsarin albashin bai ɗaya ɗin ma da dalili aka kawo shi, a 1921 biranen Denver da Des Moines na Amurka suka fara, lokacin ana biyan mata da malaman firamare ƙasa da maza 'yan sakandare.

Mai_Bin_Diddigi:
Anti ki yi haƙuri amma ba ko'ina biya gwargwadon sakamako ya faɗi ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya an gwada a firamaren gwamnati na karkara, ɗan tukuici ne da bai taka kara ya karya ba, kuma abin da aka auna shi ne nisan da yaro ya yi daga inda ya fara. Makin lissafi da harshe ya tashi, har darussan da ba a sa wa kuɗi ba suka amfana, an buga binciken a 2011. Amma a birnin Nashville na Amurka an sa wa malaman lissafi tukuici har dala 15,000 a shekara, tsawon shekara uku, gaba ɗaya ba a ga wani bambancin kirki ba. A ganina kuɗi na aiki ne in mutum na da sauran ƙoƙarin da ya ɓoye, wanda ya riga ya ƙure iyawarsa horo yake buƙata.

Malamin_Lissafi:
To madalla, kenan a auna ci gaban yaro maimakon makinsa, matsalar Malama ta kau.

Tsohon_Hedimasta:
Da sauran rina a kaba Malam. A Indiya ɗin mutanen waje ne suka shirya jarrabawar suka yi makinta. In gwamnati ta ɗauka gaba ɗaya wa zai tsare kowane aji? Kuma malami mai wayo zai iya barin yara su faɗi ta farkon shekara don tazarar ta yi yawa. Ni zan yarda da tukuici amma a saman albashin da ke riƙe gida yana kuma zuwa kan lokaci, sannan a ba makaranta dukanta su raba, don yaron da ya ci lissafi a aji shida malamar aji ɗaya ce ta koya masa ƙirga.